Inna Mai Aron Hannu

Daga Allah muke, kuma can za mu koma, babu wanda zai saura. Inna ta riga mu. Ƙanwar mahaifiyata ce, ita ce ta ƙarshe cikin waɗanda suka san ni ina rarrafe, kuma tun da aka fita da makararta daga gidan nan namu na Zangon Kwatano na kasa zama wuri guda. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe sai in rasa abin da na tashi ɗauka. Ban yi lakkol ba, wato makarantar boko, ban san baƙi a takarda ba, amma bakin nan nawa bai taɓa ba ni kunya ba. Ina faɗa ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini ko kalma guda.

Mutane sun zo gaisuwa, ba zan ci haƙƙinsu ba. Matan Zango sun cika tsakar gida har bakin rijiya, dillalan shanu da mahauta sun cika rumfar ƙofar gida, har wasu 'yan ƙasa da muke ciniki da su sun tako daga Jonke. Kowa ya ce ya muka ji da haƙuri, muka ce da godiya. Amma ni ina da ido. Na ga wadda aka miƙa wa ruwa ta ce azumi take, alhali ga goro a kumatunta. Na ga wadda ta tambaya ƙasa-ƙasa ko tabarmar da aka shimfiɗa mata daga ɗakin baya aka fito da ita. Kuma kusan kowacce, in ta shafa addu'a, sai ta ƙara da cewa ai ta huta, baiwar Allah, ta huta da wannan lalura. Ba wadda ta iya kiran sunan abin, kuma ba wadda ta tuna komai game da Inna in ba shi ba.

To ni zan kira. Kuturta ce. Ta kama Inna da ƙuruciyarta a can arewa, mijinta ya sallame ta, yayana mai fataucin shanu ya ɗauko ta zuwa nan don a yi mata magani. Ta sha ƙwayoyi shekara da shekaru har likita ya ce cutar ta mutu a jikinta, ba za ta kama kowa ba, abin da ya saura tabo ne. Tabon shi ne hannuwa biyu da ba sa jin komai daga wuyan hannu zuwa ƙasa, ba zafi, ba sanyi, ba tsinin allura. Likita ya faɗa, liman ya maimaita, mutanen Zango suka ce to, suka ci gaba da halinsu. Ɗakin baya aka ba ta, ƙwaryarta daban, moɗarta daban.

Yayana ya rasu tuntuni, gidan yana hannun ɗansa. Tun da aka sa ɗan nan cikin kwamitin unguwa, a zamanin nan na juyin juya hali da kowa ya zama kamarad, Inna ta liƙa masa sunan, har 'ya'yansa ma in ya ba da baya Kamarad suke ce masa. Washegarin rasuwar na iske matarsa ta tattara kayan Inna cikin buhu, wai a kai tafki a jefa. Na ɗaga buhun sai na ji ƙarar yumɓu. Na kwance na zaro tandar suyar waina. Matar Kamarad ta ce, Goggo, ki bar abin nan ya tafi da mai shi, a sayo ta ƙarfe, komai ya wuce. Na ce mata wainar sadakar bakwai a wannan tandar za a soya ta, kuma zan tsaya gaban mutane in faɗi ko ta wace ce.

Sai in yi bayani, don wanda bai san gidanmu ba. Duk Zango sun san wainata. Tun da mijina ya rasu na dawo gidan yayana nake soya ta a ƙofar gida, mahauta na saye kafin su wuce kara, wato kasuwar shanu, 'yan lakkol na saye, har daga Agontinkon ake aiko kwano. To tandar ta Inna ce, da ita ta zo daga arewa, a ɗakinta take kwana. Ƙullun ita ke ɗanɗana shi da harshe ta ce ya yi ko bai yi ba. Wutar ita ke lura da ita. Ni hannu ce kawai, amma hannu mai kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Mutanen gida sun sani, na waje ba su sani ba, don Inna da kanta ta kafa dokar. Ta ce hannun nawa ne, in bari sunan ma ya zama nawa, in ba haka ba ko kare ba zai tsaya ƙofarmu ba. Na riƙe mata dokar muddin tana raye. Yanzu ina so mutanen nan su ci abincinta sau ɗaya suna sane da na wace ce. In suka ƙi, wainar za ta koma cikin gida da sanyinta, gidan ya sha kunya, sana'ata ta mutu, Inna kuma ta tafi a matsayin lalura kawai. Na san duk wannan kafin in buɗe baki.

Inna ba ta son tausayi, kuma ba ta ɓoye yadda ta rasa kawunan yatsunta. Ta ce ba cutar ce ta ci su ba, tukunya ce. A farkon zuwanta nan ta bar cokalin ƙarfe cikin miya tana tafasa, ta dawo ta kama shi tana juyawa tana hira, sai ta ji ƙauri. Ta duba murhu, ta duba gindin tukunya, ta ce wani abu na ƙonewa a gidan nan, sannan ta duba hannunta. In ta zo nan a labarin sai ta yi dariya ta ce hancinta ne ya kawo mata labarin hannunta. Na biyu kuma tsumma ne. Ta sauke tukunya da tsumma kamar kowa, ba ta san jiƙaƙƙe ba ne, zafi ya bi ruwan ya iske ta. Daga ranar ta ce tunda hannu ya daina kawo mata labari, sai kai ya karɓi aikin. Ta zauna ta san halin kowane abu da ke cikin gida kamar yadda ake sanin halin maƙwabta.

Shi ya sa in yaro ya taɓa garwashi ya ƙwalla ƙara, ko ni mai ya fallatso mini na ja tsaki, ba ta cewa sannu. "Barka, kin ji," take cewa. Baƙi na ɗauka rashin imani ne. Mu mun san da zuciya ɗaya take faɗa.

A wurinta kayan gida kashi-kashi ne. Akwai magulmata: baƙin ƙarfe, jan ƙarfe, da alminiyam ɗin da maƙeran Zango ke narkawa su zuba tukwane. Waɗannan, abin da wuta ta faɗa musu a gindi, kafin ka juya sun kai shi har mariƙi, kuma jan ƙarfe ya fi kowa saurin baki. Akwai masu riƙe sirri: itace, duma, kaba, busasshen tsumma, toka. Muciya sai ta daɗe cikin tuwo, kanta na hannunka lafiya lau. Garwashi in ka rufe shi da toka sai ya wayi gari da ransa, kuma mai wucewa ba zai ce akwai wuta a ƙasa ba. Ruwa kuwa ta ce munafuki ne, shiga yake jikin mai riƙe sirri ya buɗe masa baki. Duk abin ƙarfen da ta mallaka sai da ta sa kafinta ya yi masa mariƙin itace, ko ta sa na nannaɗe shi da kaba. In ka ga cokali da rawani a gidanmu, na Inna ne.

Wata safiya cikin damina na taɓa bokitin ƙarfe na ce kai, ya fi turmi sanyi. Ta ce in ɗora hannu ɗaya kan bokiti, ɗaya kan turmi, in tsaya. Ta ce ai a waje ɗaya suka kwana, iska ɗaya ta buge su, me zai sa ɗaya ya fi ɗaya sanyi? Bokitin ba shi da wani sanyi nasa, ɗumin hannuna yake kwashewa yana kaiwa gaba, kamar yadda yake kai na wuta. Turmi kuwa ba ya karɓa, shi ya sa hannun ke zama da ɗuminsa. Na yi mata musu, don ni ba a cika faɗa mini abu in haɗiye ba. Ta ce in ci gaba da riƙewa. Can sai na ji wurin da tafina yake a jikin bokitin ya daina sanyi. Ta ce to, naki ne ya cika shi.

Abin da kai ba zai iya sani ba, a wurina take karɓa. "'Yar nan, ara mini hannunki." Furfura ta cika kaina, jikoki na kira na kaka, amma a bakin Inna 'yar nan nake. Ruwan wanka, koko, murfin tukunya, ƙyauren kwano da rana ta buga, duk sai na taɓa na ce mata ya yi ko da saura. In muka yi faɗa, kuma mukan yi, sai ta zauna gaban kokonta ta ƙura masa ido, ba za ta kira ni ba. Ni ma ba zan yi magana ba, sai in wuce in tsoma ɗan yatsa in ce wa bango ya huce. Ita ma sai ta ce wa bangon ta gode.

In ana suya, tana zaune kan kujera 'yar tsugunno a bayan zana, inda masu saye ba sa ganin ta. Kafin a fara sai na kai mata tandar kusa ta kara kumatunta, don fuskarta na ji. Daga nan kunne ke aiki. Ta san kukan mai in ya ji ƙullu, ta san lokacin da kukan ke sauka. In ta yi tari, in juya. In ta yi gunaguni kan itace, in janye ɗaya. Masu saye na cewa tsohuwar nan taku ba ta rabuwa da tari, a nema mata magani mana. Ni kuwa in ce ai an gaji.

Babban faɗanmu kan yumɓu ne. Na je kasuwar Gbegame na ga tandar ƙarfe, mara nauyi, ba ta fashewa, kuma da ka ɗora ta yi zafi. Na sayo. Inna ta dube ta ta ce in soya. Na soya, bayan wainar ya yi baƙi, cikinta ɗanye. Wani tsohon mahauci da ba ya fashin saye ya gutsura ya tambaye ni ko wani ya ɓata mini rai ne yau. Inna ta ce ƙarfe duk abin da wuta ta ba shi a take yake juye wa ƙullu, ba ya jira ciki ya nuna. Yumɓu kuwa yana jinkirin karɓa, yana jinkirin saki, kaɗan-kaɗan yake bayarwa, ko wuta ta yi tsalle shi ba ya tsalle. Har yau ina cewa da ta bar ni na saba da ta ƙarfen da na iya ta. Ba ta bar ni ba. Kaji ke shan ruwa a cikinta yanzu.

Shekarar da aka ja wutar lantarki gidanmu, wadda mu nan muke ce wa kuran, Inna ta sa na tsinto mata guntun wayar da mai aikin ya yar. Na fere shi da wuƙa, ta ga jan ƙarfe a ciki, roba a waje. Ta ce to ta gane, cokali ne mai mariƙi, kuma wanda ke kai zafi shi zai kai wannan ma. A ranar ta sa aka kwance wayar shanya da ke ɗaure jikin kwanon rufi aka ɗaura igiya.

Bayan haka Kamarad ya sayo tsohon firigo, wato firji, don matarsa ta riƙa sayar da ƙanƙara. Aka ajiye shi a baranda, kan siminti, kuma wanda ya san Kwatano ya san simintin damina ba ya bushewa. Ba a daɗe ba matar da 'yan matanta suka fara cewa abin yana tsikarar su. Kamarad ya zo ya taɓa, bai ji komai ba. Ya dafa shi da hannu bibbiyu, ya buga shi, ya ce ragwanci ne da tsoron ci gaba, juyin juya hali ba ya tafiya da matsorata. Suka ci gaba da buɗewa da gefen zane.

Wata safiya Inna ta fito daga alwala, ƙafa ba takalmi, santsi ya ɗauke ta ta dafa firigon. Ina wajen murhu na ji wata irin ƙara da ban taɓa ji daga bakinta ba. Na iske ta zaune a ƙasa ta rungume gwiwar hannunta, ido a buɗe.

"'Yar nan, na ji," ta ce.

Ta ce abin ya shiga ta mataccen hannun nan, ya haura kafaɗa, ya sauka har tafin ƙafa. Ta fara dariya, dariyar ta juye hawaye, ta goge da gefen mayafi. Ya kamata in ce mata barka, bakina ya ƙi. Sai ta sa na kawo mata kujerarta, ta zauna gaban firigon da muciya kan cinya, ta ce duk wanda ya matso zai sha ta, har Kamarad ya dawo daga kara.

Da ya dawo aka faɗa masa, ya yi dariya irin ta jika da kaka, amma da ƙaya a ciki. "Tsohuwa, ke da tukunya ta cinye yatsunki ba ki sani ba, yau ke ce mai jin kuran?"

Inna ba ta dubi fuskarsa ba, ƙafarsa ta duba. Yana sanye da dogon takalmin robar da yake shiga taɓon kara da shi.

"Kamarad, mijina, cire takalmi."

Ya ce shi ba a sa shi cire takalmi a gidansa. Ta ce takalmin nan ne ke rufa masa asiri. Kuran hanya yake nema zuwa ƙasa, shi ya kulle ƙofa a tafin ƙafarsa, su kuwa mata da ke yawo ƙafa tsirara kan jiƙaƙƙen siminti hanya ce a buɗe. Ya ce surutun tsufa ne. Ta ce to shi kenan, ya kira autarsa ta buɗe yana kallo, tunda ita ake aika ɗauko ƙanƙara kullum. Ya sunkuya ya cire, ya miƙa ɗan yatsa guda. Tsallen da ya yi da baya sai da ya ture tulu.

"Barka, ka ji," in ji Inna.

Mai gyara ya zo ya samu wata waya ta goge a ciki tana taɓa jikin firigon. Ya gyara, ya kafa sandar ƙarfe cikin ƙasa ya haɗa ta da jikin firigon da wayar jan ƙarfe. Inna ta tsare shi sai ya faɗa mata dalili. Ya ce ya ba kuran hanyar da ta fi jikin mutum sauƙi ne. Abin ya yi mata daɗi ƙwarai, ta ce ashe magulmaci ba a faɗa da shi, wani ake ba shi ya je ya gaya wa. Kamarad bai taɓa tayar da zancen ba, bai ce na gode ba, bai ce yi haƙuri ba. Goro dai ya riƙa ajiye mata a bakin ƙofa, ita kuma ta riƙa tambayar sa lafiyar takalminsa.

Matarsa kuwa ko wainar ba ta taɓa ci ba. Amma lokacin da ta haihu cikin damina, sanyi da ciwon baya suka hana ta sakat, Inna ta sa na binne ɗan dutsen niƙa cikin garwashi, na ciro, na naɗe da zane ninki-ninki, na gwada a kumatuna, na kai mata ta jingina. Dutse ɗan'uwan yumɓu ne, in ya ɗauka ba ya saurin saki. Har ta gama wankan jego ana yi mata haka. Daga hannuna take karɓa, ba ta taɓa tambayar wa ya aiko ba. Abin ya ci mini rai, na ce zan gaya mata. Inna ta ce in ƙyale ta, ɗumin dai yana isa bayanta, ba shi kenan ba?

Zazzaɓi ne ya ɗauke Inna, bai ja ta ba. Da aka zo wanka, matan da suka saba yi sai kowacce ta tuna tana da uzuri. Ni da matar liman muka yi. Da aka kawo ruwan na tsoma gwiwar hannu, na ce a ƙara na sanyi kaɗan. Matar liman ta ce mini a hankali, ai yanzu ba za ta ji ba. Na ce da ma can ba ta ji, kuma ban taɓa ba ta ruwan da ban gwada ba.

Tun daga ranar hannun nan ya rasa mai aron sa. Sai in ga na taɓa murfin tukunya na juya zan ba da labari. Zaman makoki ya gagare ni. Na ce zan je Gbegame sayen shinkafar sadaka, na saya, maimakon in dawo sai ƙafa ta ɗauke ni har Jonke, ina tafe ina taɓa ƙyauren kantuna, wannan magulmaci ne, wannan mai riƙe sirri. Da na dawo Kamarad ya same ni a ɗakin baya. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, Goggo, ki soya a tandar, ba wanda ya hana, amma ki yi shiru. Ya ce mutanen kwamiti za su zo, manyan kara za su zo, in duba sunan gida. Na ce shirun na Inna ne, da shi aka binne ta. Ya ce in suka tashi suka bar mana waina fa? Na ce sai mu ci abinmu. Ya daɗe yana kallon kujerarta, ya juya ya fita.

Ranar bakwai na hura wuta gari na wayewa. Na zuba na farko na tsaya ina jiran tari. Sai da ƙauri ya tashi na tuna. Na kwashe na ba kaji, na kara kumatuna kusa da tandar yadda take yi, na kasa kunne. Na biyu ya yi. Na soya har faranti ya yi tozo.

Maza na rumfa, liman ya gama addu'a ana shafawa. Mace ba ta zuwa wurin, amma ni na wuce shekarun da za a kore ni. Na sa aka ajiye farantin a tsakiya, na fito da tandar riƙe da busasshen tsumma, na tsaya bakin zaure. Na gaishe su, na ce wainar nan da suka daɗe suna ci suna yaba mini, tandar ta marigayiya ce, a ɗakinta take kwana, harshenta ke gwada ƙullun, kunnenta ke juya ta, tarin da suke ji a bayan zana shi ne mai suyar. Na ce ga sadakarta nan, mai ci ya ci yana sane.

Tsohon mahaucin nan ya riga ya miƙa hannu, ya janye shi ya sa cikin riga. Liman ya duƙufa kan carbinsa. Wani daga cikin 'yan kwamiti ya duba agogo. Ni kuwa tururin da ke tashi daga farantin nake kallo, yana raguwa, tandar na ɗumama mini ciki ta cikin tsumma.

Kamarad na tsaye a gefe, wurin mai masauki, da takalminsa na roba. Ya sunkuya ya cire su, ya taka tabarma har tsakiya, ya zauna. Ya zura hannu can ƙarƙashin tarin, inda zafi ya ɓuya, ya zaro guda. Ta ƙone shi, ya shiga jefa ta daga wannan hannu zuwa wancan yana hura iska.

"Barka, ka ji," na ce.

Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya kaɗa. Ya kai baki ya ci, ya ƙara ɗaukar wata. Liman ya ajiye carbi ya yi bismilla. Mahauci ya fito da hannunsa daga riga ya ce, in da abin zai kama shi ai da ya kama shi tun yana da haƙora, ya ɗauki biyu. Aka yi 'yar dariya, hannuwa suka fara shiga. Ba duka suka ci ba, ba zan yi ƙarya ba. Wasu sun tuna suna da aiki a kara, kuma a cikin gida mai goron nan ta sake yin azumi. Gobe in na ɗora tanda a ƙofa ban san wa zai zo ba. Amma farantin ya dawo ba komai a cikinsa sai maiƙo.

Bayan azahar, mutane sun watse, ina ta kai-kawo a tsakar gida na rasa inda zan ajiye kaina, sai na ga matar Kamarad tsugune gaban tandar inda na jingine ta. Ba ta san ina kallo ba. Ta ɗora tafin hannunta a kai, ba tsumma, ta daɗe. Da ta ji motsina ba ta janye ba.

"Goggo, har yanzu da ɗumi," ta ce.

Na ce haka yumɓu yake. Ta tambaye ni a wane ɗaki tandar za ta kwana daga yau. Na ce ta kai ta nata ɗakin. Sai a lokacin na samu wuri na zauna.

Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mata, ya mayar mata da hannuwanta cikakku a can. Ya sa makwancinta kada ya yi zafi, kada ya yi sanyi, daidai yadda nake gwada mata ruwa.